Yadda Abdulbaqi Ya Zama Baba Jiniya

Malam Abdulbaqi ya tsufa yana zagaya ƙofofin masana'antun Sharada da lasifika a bayan babur, yana tallar shirin ma'aikata na rediyon gwamnati. Da aka ce za a soke shirin don ba mai bugo waya, ko abinci ya kasa ci.

Safiyatu mai waina ta ce masa, "Baba, kuna ta cewa a kunna rediyo ƙarfe biyu. Wa ke duba agogo a gaban inji? Jiniya ce agogonsu."

Washegari ya sauya kira: "In jiniyar tashi ta yi kuka, a kunna rediyo."

Layi kuwa ya cika, har wani ya bugo don ya gaida jiniyar. Shirin yana nan, shi kuma sunan ya bi shi har masallaci.