Ƙwan Tsargiya Biyu

Shekarar da madubin duba ƙwayoyin cuta ya rage saura ɗaya mai aiki a ɗakin gwajinmu, ni na fara cika baki cewa na samo mafita. Ina koyar da ilimin halittu a jami'a, darasin tsutsotsin da ke shiga jikin mutum, kuma na gaji da ganin ɗalibai sun yi layi kamar masu jiran ruwan famfo don kowa ya leƙa sau ɗaya. Sai na buɗe shafi a intanet, na haɗa su a guruf. Daga zauren gidana a Tudun Wada nake ɗora hotuna da bayani.

Kafin in ajiye waya amsoshi sun fara zuba. Mun gode Malam. Allah ya ƙara basira. Allah ya jiƙan mahaifa. Tambaya dai ko ɗaya babu. Ni kuwa, da shirmena, na ɗauka addu'a fahimta ce, har ina yi wa abokan aikina gori.

A ajin akwai wani dattijo mai furfura a gemu. Ya daɗe yana gwajin fitsari da jini a wani ƙaramin asibiti wajen Kwangila, ya dawo neman digiri don a daina ɗora masa yara a kai. Sau biyu yana faɗuwa darasina, rubutun Turanci ke kayar da shi. In ya sake faɗi, jami'a za ta sallame shi. Na san haka sarai.

Tsargiya iri biyu muke koyarwa. Wadda ake gani a fitsari, ƙwanta yana da ƙaya a gindi. Ta bayan gida, ƙayar a gefe take. Da na ɗora hotunan, na sauya musu suna, ban lura ba.

Bayan kwana biyu dattijon ya yi mini sallama da la'asar. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya sha ruwa. Can ya ce, "Malam, na ga hoton nan na tsargiya."

Na ce, "Ya yi kyau ko?"

Ya dubi tabarma ya ce, "Ya fito sosai." Ya ƙara zama kaɗan, ya yi sallama.

Da jarrabawa ta zo, na duba takardu da amsoshin da na tanada tun shekarun baya, na daidai. Kusan ajin duka sun juya ƙwan nan biyu. Na yi ta zagin 'yan zamani, na ce waya ta cinye musu kwanya, na sa hannu a sakamako. Ko sau ɗaya ban koma na buɗe shafin nawa ba. Dattijon ya faɗi, kuma makin tambayar nan kaɗai ya isa ya tsallakar da shi.

Watanni suka wuce kafin in gamu da shi a kasuwar Tudun Wada, yana sayen alayyafo. Raina a ɓace na ce, "Kai da kake ganin ƙwan nan kullum, yaya aka yi ka juya su?"

Ya ce, "Malam, ko barci nake na san na fitsari a gindi ƙayarsa take. Amma haka ka rubuta, kuma kai za ka duba takardar."

Nan a tsaye na buɗe shafin. Ga sunayen nan a juye. Na ce, "Don Allah me ya hana ka faɗa?"

"A guruf, gaban yara? Subhanallahi. Ai shi ya sa na zo gida."

Na rubuta wa hukuma na amsa laifina. Aka ce lokacin ƙorafi ya wuce, sunansa ya riga ya fita cikin waɗanda aka sallama. Na sake rubutawa, shiru. Har yau abin yana ci mini rai, kuma na daina yarda cewa akwai abin da nake koya wa kowa ta wayar nan.

Ranar a kasuwa, da zai tafi, ya ɗan rusuna ya ce, "A gyara hoton, Malam, na baya suna kwafa. Amma don girman Allah kada a ce ni na faɗa."