Laftof Ɗin Mutane a Kicin Ɗina

A shekarar da aka ce tsohuwar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ta tashi daga aiki, kowa ya koma sabuwa, gidanmu na unguwar Danau Kota, a nan ƙasar waje, ya zama asibitin laftof. Maigidana digirin digirgir ya zo yi a fannin noma. Ni kuwa biyo shi na yi da yara biyu, da digirina na kimiyyar kwamfuta, da bizar matar ɗalibi wadda ta hana ni aiki.

Tasa na fara ɗora wa sabuwar manhajar. Ya je da ita jami'a, 'yan'uwanmu Hausawa suka ga ta canja fuska, suka tambayi wanda ya yi masa. Bawan Allahn nan ya ce shi ne. Da na nemi dalili, cewa ya yi bai dace maza su riƙa ambaton matarsa a ƙofar masallaci ba. Ni wawiya har daɗi na ji, wai ana kishina.

Daga nan ya riƙa dawowa daga Juma'a da jakunkunan mutane. A teburin kicin nake aikin. In fara kwashe musu kayansu, don manyan masu binciken nan a wuri ɗaya suke zuba babin kundinsu da hotunan biki. Sannan in sa filashi, in tayar da laftof ɗin, ina juya miya ina leƙen ɗigon nan masu zagaye. Wata ta ce ta tsufa ba za ta karɓa ba, in lallaɓa ta ta bayan gida. Wata ta karɓa amma sauti ya ɗauke, in yini ina nemo shi. Shi kuwa ya mayar, har laƙabin Injiniya suka sa masa, mutumin da ko firinta bai iya haɗawa ba.

Wata Lahadi wani dattijon farfesa ɗan garinmu, mai koyar da kwamfuta a jami'ar da ke Lembah Pantai, ya zo da kansa karɓar tasa. Ina kicin ina haɗa musu shayi, ina jin komai.

"Aikin nan na wanda ya san abin ne," in ji shi. "Ina da gurbi ɗaya na masters a lab ɗina, an biya komai. Ka san mai irin hannunka? Ko da mace ce, boleh, ba matsala."

Na tsaya cak da buta a hannu. Tun da na sauka garin nan abin da nake roƙon Allah ke nan. Kalma ɗaya kawai zai faɗa, ga ni nan bayan labule.

"Gaskiya ranka ya daɗe, ban san kowa ba," in ji maigidana. "Amma zan duba."

Na kai shayin, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Sannu da aiki, uwargida," na ce yauwa. Har yau ina jin haushin kaina da ban buɗe baki ba, amma wace ce za ta ƙaryata mijinta a gaban baƙo?

Da ya tafi na ce, "Abban yara, ni fa?"

"Haba lah! Yanzu in je in ce masa ƙarya na yi? Da wane ido zan kalli mutane? Kuma wa zai riƙe yara?"

Ban yi kuka a gabansa ba. Amma daga ranar wani abu ya huce a raina game da shi, kuma bai sake ɗumi ba.

Bayan wani lokaci aka ba wani saurayi gurbin, sabon zuwa daga gida. Ranar Juma'a maigidan ya shigo da jaka, ya ajiye a teburin kicin ba tare da ya dube ni ba. Ya ce ta saurayin ce, ya yi ta fama ya kasa ɗora manhajar, kuma Litinin zai fara shiga aji.

Na sauke tukunya, na ɗora masa.