Baba Salifu da kwandon zabin Hajiya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan ina Dapaong ana loda mini buhunan masara, aka kira ni daga Zangon Sokodé: Baba Salifu mai gyaran wayar mota ya rasu. Ya yi sallar asuba, ya kishingiɗa, shi ke nan.

Na zauna a matakalar mota na daɗe ina kallon tayar baya.

Ba don shi ba, da makullin motar nan ba ya hannuna.

Lokacin da Alhaji Mumuni ya ɗauke ni direba, tsohuwar babbar motarsa ya ba ni. Tafiyata ta farko, ina dawowa daga Dapaong, fitilar gargaɗin birki ta ABS ta kama ta ƙi mutuwa. Alhaji ya ce shekara da shekaru motar ba ta taɓa yin haka ba sai a hannuna. In ta sake, zai nemi wani.

Direbobi a tasha suka ce in manna mata baƙin salatif kamar kowa.

Na kai wa Baba Salifu. Ya ce, "Ɗana, birkinka na nan yana kamawa. Abin da ke hana taya ƙamewa ne ya yi barci. Ranar da ruwa ya same ka a gangaren Aledjo da kaya, salatif ɗin ne zai riƙe ka?"

Ya duba fis, ya duba batir, ya cire ɗan ƙarfen da ke jin juyawar kowace taya ya goge. Komai lafiya. Fitila ma ta mutu da kanta, kamar mara lafiyar da ya ga likita.

Na ce masa ni dai abin da na lura, in zan tafi ba ta kamawa, sai in zan dawo.

Ya ajiye sifana ya dube ni. "To kar ka ƙara kawo mini ita wankakkiya. Yadda ka shigo gari haka nake son ta, ko tsinke kar a sauke."

Haka na yi. Na iso garejinsa da hantsi, fitila a kunne. Tsohon nan ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, sai muka ji zabi sun ɗauki kuka, shi kuma yana dariya.

Kowace tafiya Hajiyar Alhaji tana sa a sayo mata zabi daga Dapaong, masu lodi kuma a ƙarƙashin mota suke rataye kwandon don su sha iska. Tsohon direban a gaba yake ajiye su, ni ban san haka ba. Ashe igiyar ta haɗa da wayar tayar baya. Nauyin kwando ya ja wayar ta saki, in an sauke kwandon sai ta koma wurinta.

Ya ɗaure wayar ta bayan ƙarfe, ya sa aka kira Alhaji.

"Alhaji, direbanka lafiyarsa lau. Miyar gidanka ce ke kunna fitila."

Alhaji ya leƙa, ya miƙe yana kaɗe babbar riga, ya ce in je in sauke kaya, jibi akwai tafiya.

Tun daga ranar duk inda Baba ya gan ni sai ya ce, "Sarkin zabi, ya hanya?"

Makon jiya na kai masa zabuwa ɗaya. Yana kan benci, ido ya yi rauni, ya shafa ta ya ce, "A ina ta zauna?" Na ce a gaba, kusa da ni. Ya ce madalla, an yi hankali.

Ganinmu na ƙarshe ke nan. Ya tsufa cikin mutunci, ya tafi ba jinya, alhamdulillahi. Yanzu da na tayar da mota, fitilar ta kama ta mutu kamar yadda ya dace.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Wanda ya karanta ya taimaka masa da Fatiha.

Mai shakkar zancen zabi kuwa ya tambayi Abdu mai faci da Iya Samata mai koko. Suna tsaye a wajen, Iya ce ma ta riƙe kwandon.