Suwaiba da Ruwan Alwalar Ofis

Suwaiba ba ta taɓa ganin ruwa ya zo daidai misali ba. A ƙauyensu na bayan Guri, inda ubanta yake sana'ar su, ko dai ruwa ya shigo ɗaki ya ɗaga tabarma, ko kuma ya janye ya bar mata da tulu a ka har wuya ya ƙage. Tana budurwa ciyawar kacala ta fara toshe hanyoyin ruwa, wani gefe ya zama tafkin da ba ya tafiya, wani gefen ya bushe ƙayau. Gonar mijinta tana gefen da ya nutse. Da ya rasu, ta kwashi 'ya'yanta ta shigo Haɗeja. Ta yi wankau, ta yi surfe a gidajen mutane, daga baya wani ɗan garinsu ya sama mata aikin shara a wani ofishi da manoma ke zuwa karɓar iri da taki.

A ofishin akwai wani dakali da maza ke alwala a kai. Ruwan yakan gangaro ya kwanta a bakin ƙofa, ya zama caɓi, kowa ya taka ya shiga da shi ciki, ita kuma ta bi da tsumma. Da ta gaji da sharar ruwa da tsintsiya, sai ta ari fartanyar mai gadi ta ja 'yar hanya daga gindin dakalin zuwa jikin katangar baya, inda ƙasa take fayau ko tsiro babu. Ta kafa reshen zogale. Da ya kama, ta ƙara gwaiba biyu, sannan lemon tsami. Babu wanda ya sa ta, babu kuma wanda ya ce sannu. Shekaru suka tura, wurin ya yi inuwa. Manoman da a da suke tsugune a rana suna jiran a kira su, suka koma can suna shimfiɗa buhu. Matan ofis kuwa ba sa tashi aiki sai da ganyen zogale a leda.

Fannami direba shi ne mai tsokanarta. Babarbare ne, ita kuma uwarta Bafulatana, saboda haka wasa ya halatta.

"Iya Suwaiba, ki ji tsoron Allah. Gwaibar nan fa da majinar mutane da dauɗar ƙafarsu ta girma."

"To me ya kumbura maka aljihu, ɗan nema? Juye mu gani."

"Yara zan kai wa. Ni ba na ci."

"Ba ka ci, amma ga 'ya'yanta nan maƙale a haƙoranka. Wuce, bawana."

Haka aka zauna har aka kawo sabon shugaban ofis, Malam Abdulrahman, wanda a haife Suwaiba ta haife shi. Ya zo a farkon bazara, lokacin da rijiyar burtsatse take ja baya, tanki ba ya kai la'asar sai ya ƙafe. Ya tara ma'aikata ya yi musu jawabi a kan tattalin ruwa. Maganar ba ta da aibu, Suwaiba ma har gyaɗa kai take daga bakin ƙofa, don ta daɗe tana jiran mai faɗinta. Abin da ba ta sani ba, mutumin ya riga ya leƙa ta taga, ya ga duk harabar ta ƙone sai wuri ɗaya da yake kore shar, ya yanke hukunci a ransa cewa can ruwan yake tafiya.

Bayan an watse ya sa aka kira ta.

"Iya, daga yau a daina ba shukokin nan ruwa."

"Ranka ya daɗe, ai ban taɓa ɗiban ko moɗa ɗaya na zuba musu ba. Na alwala suke sha."

"Shi na alwalar daga ina yake fitowa?"

"Daga tanki."

"To kin gani."

Ta tsaya tana kallonsa, tana jiran ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Bai ji ba. Ya riga ya koma kan wayarsa.

Ta ce, "Tunda ana maganar ruwa, famfon bayin saman bene tun bara yake zuba, da roba aka ɗaure shi. Motarka kuma kullum da tiyo ake wanke ta, a bar shi yana kwarara ana goge gilashi."

"Za a duba. Je ki, Iya."

Ba a duba ba. Abin da aka yi shi ne aka kawo magina suka rushe dakalin, suka gina sabo da tayil fari tas, suka sa bututu ya ɗauki ruwan alwala ya kai shi lambatun titi. 'Yar hanyar Suwaiba kuma suka cike ta da siminti, wai ƙazanta ce a gaban baƙi. Wannan shi ake kira tattali: ruwan da yake yin aiki biyu aka mayar da shi yana yin ɗaya, aka kuma ɗauki hoto a gaban tayil ɗin. Tanki bai fasa ƙafewa kafin la'asar ba.

Zogale yana da jimiri, bai nuna komai ba. Gwaiba ce ta fara naɗe ganye, sannan lemon ya soma zubar da fure. Suwaiba tana shara tana kallonsu. Daga gida ba za ta iya kawo ruwa ba, unguwarsu a wurin 'yan garuwa ake saye, ga nisa. Ruwan wankin mota kuwa sabulu ne zalla, kashe su zai yi. Ta san idan aka kai ƙarshen bazarar nan a haka, itacen girki kawai za ta tarar.

Wata ranar Litinin da azahar, maza suka fito da butoci suka iske ta zaune a gefen sabon dakali, ta girke wani babban bahon roba a ƙasa, daidai inda ruwa ke sauka.

"A nan za ku yi," in ji ta.

Ma'aikata suka tsaya cirko-cirko, kowa yana duban ɗan'uwansa. Wani ya yi dariya ya matsa can ƙarshe. Manoman da suka zo karɓar taki ne ba su nemi bayani ba. Wani dattijo daga Kirikasamma ya dubi bahon, ya dubi itatuwan, ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna.

"Kin yi daidai, baiwar Allah. Kai, ku matso, ku bar kallon ruwa yana tafiya a banza."

Suka yi layi. Fannami ya zo yana nannaɗe hannun riga.

"Iya, idan na yi a ciki, nawa ruwan na wace bishiya ne?"

"Naka bayan katanga zan watsar, kada ya ƙona min saiwa. Yi sauri, an kusa tayar da salla."

Baho ya cika. Ta rarraba shi a bokiti, ta kinkima tana tafiya tana hutawa, ta zuba a gindin lemo.

Kwana kaɗan labari ya kai sama. Malam Abdulrahman, da yake alwalarsa a bayin ofishinsa yake yi, ya sauko da kansa, ya same ta tana jan bokiti, manoma zaune a inuwa suna kallo.

"Iya, ba na hana ba? Kuma mene ne wannan baho a wurin da aka kashe wa kuɗi?"

Ta ajiye bokitin ta miƙe a hankali, hannu a ƙugu.

"Ka hana na tanki, ban taɓa shi ba. Wannan ya riga ya wanke fuskar mutane da ƙafarsu, ya gama aikin gwamnati. Masu shi ne suka ba ni. Ga su nan, tambaye su. In kuma lambatu ya fi bishiya buƙata, faɗa min a gabansu, in je in zuba masa."

 Malam Abdulrahman ya dubi manoman, suka dube shi. Ya gyara hularsa ya ce a riƙa ɗauke bahon idan manyan baƙi za su zo, ya juya ya hau sama. Bai ce a fasa simintin ba, bai kuma ce ya yi kuskure ba.

Abin da baho yake tarawa bai kai na da ba, don rabin ma'aikata har yau a ƙarshen dakali suke tsugunawa, suna jin nauyin a gan su suna biye wa mai shara. Gwaiba ɗaya ta mutu kafin ruwan sama ya sauka, ɗayar ta rayu da rabin rassanta. Lemo da zogale sun tsira. Suwaiba kuwa, da furfurarta da ciwon bayanta, kullum azahar da la'asar tana ɗaukar a bokiti abin da a da yake gangarawa da kansa. Saura mata kaɗan ta ajiye aiki, kuma har yanzu ba ta ga wanda za ta bar wa bahon ba.