Bindiga a Hannun Ƙanin Matata

An haife ni a unguwar Karantina ta Jidda, kuma har furfura ta fara fito mini a gemu ban taɓa riƙe bindiga ba. A Jidda ba abin da ke haɗa irinmu da ita. A jikin ɗan sanda muke ganinta, mu kau da kai mu wuce. Bayan an rushe unguwarmu muka koma Ammariyya, ni da matata da yara, na ci gaba da aikina a shagon kayan gyaran mota na kafilina, Balaraben da ya tsaya mini a takardun zama.

A can ƙanin matata ya same mu, shekarar da yaƙi ya ɓarke a Khartum. Su Hausawan Sudan ne. Ta jirgin ruwa ya zo, da jaka ɗaya. Malamin makaranta ne, kuma a da na san shi da surutu da ba'a, amma wanda ya sauka gidanmu ba ya magana sai an tambaye shi. In salansar babur ta buga a titi, ko yara suka saki ƙofa da ƙarfi, sai ka ga shayin da ke hannunsa ya zube. Don kada ya wuni a ɗaki, nakan tafi da shi shago ya zauna.

Babban ɗan kafilina mai son harbi ne. Wata rana ya shigo ya ce ranar Asabar zai kai mu, mu ma'aikata, wani filin koyon harbi a bayan gari, wai an kawo tsofaffin bindigogin soja waɗanda aka daina aiki da su. Ya nuna ƙanin matata ya ce, "Har da baƙonka."

Na buɗe baki zan ba da uzuri, sai na ji muryarsa daga bayana: "Zan je."

A hanyar gida na yi ta lallashinsa. Na ce akwai zafi, na ce wurin da nisa, na ce ƙila ma ba za su bar mai bizar ziyara ya shiga ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaya, in sun hana ni sai in zauna a mota." Matata da ta ji, ba ta yi masa gardama ba. Sai da zan fita ranar ta biyo ni bakin ƙofa ta ce, "Baban yara, idonka a kansa."

Mun bar gari bayan sallar azahar. Sauran ma'aikatan suna ta wasa da dariya a motar, kowa na cika baki, ni kuwa addu'ata ɗaya ce: Allah ya sa a mayar da shi daga ƙofa. Mai karɓar baƙi ya duba iƙamata, wato katin zamana, ya ɗauki fasfonsa ya juya ya sake juyawa, ya shiga ciki da shi. Da ya fito sai ya miƙa masa ya ce, "Halas, ku shiga." Muka shiga.

Wurin rumfa ce doguwa, an raba ta layi-layi, gabanta fili fetal har zuwa wani tudun yashi inda aka kakkafa allunan da ake harbi. Mai koyarwar dattijo ne, tsohon soja, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya raba mana abin toshe kunne, ya ce bakin bindiga kullum gaba yake kallo, yatsa ba ya taɓa kunama sai an shirya harbi, kuma ko me ya faru, kada wanda ya kai hannu kan bindigar wani. Bindigogin suna kwance a kan tebur, dogaye, masu gindin katako da ya yi baƙi saboda hannuwan da suka riƙe shi. A jikin wadda aka ba ni akwai wasu zane-zane da wani ya yi da wuƙa. Na ƙi tsayawa in yi tunanin ma'anarsu.

Harbin farko daga layin ƙarshe ya fito. Duk da abin da ke kunnena, sai da na ji shi a haƙorana. Na waiga. Ƙanin matata yana tsaye, kafaɗunsa sun ɗage har kusa da kunne, leɓunansa na motsi. Na matsa na ce, "Mu fita?" Ya girgiza kai.

Ni aka fara kira. Ban san inda harsasaina suka tafi ba, don rabin hankalina yana bayana. Gindin bindigar ya yi ta dukan kafaɗata, warin albarushi ya cika mini hanci, abokan aikina na yi mini dariya. Na ajiye ta da sauri na ba shi wuri.

Ya zauna, ya ɗora ta a kafaɗa yadda aka nuna. Daga inda nake ina ganin bakinta na rawa. Ya daɗe yana auna allon kafin ya harba, yashi ya tashi can gefe. Ya ja ƙarfen da ke cusa harsashi, kwanso ya faɗo ƙasa, sabo ya shiga.

A daidai lokacin ne wani a layin da ke kusa ya saki harbi a jere, ba tsayawa, da wata bindiga dabam. Ƙanin matata ya zabura ya miƙe tsaye. Bindigar na hannunsa, da harsashi a ciki, yatsansa a kan kunama, bakinta ya bar allon ya fara karkata zuwa hagu, inda mutane suke. Idanunsa a buɗe suke amma ba mu yake gani ba.

Hannuna ya tashi da kansa, na tsayar da shi a iska. In na fizge ta, yatsan nan zai danna. In na yi tsawa, haka. Na tsaya cak a inda nake.

Dattijon ya taho ta bayansa ba gaggawa, ya sa tafin hannu a ƙarƙashin bakin bindigar ya mayar da shi gaba a hankali. Ya ɗaga ɗayan hannun, mai harbin can ya tsaya. Sannan ya ce masa da Larabci, "Ɗana, fitar da yatsanka. Yawwa. Ajiye ta." Ya ajiye. Dattijon ya cire harsashin ya sa a aljihu, ya dube shi ya ce, "Daga ina?"

"Khartum."

Dattijon ya gyaɗa kai. "Je ka sha ruwa. In ka so ka dawo, ni zan tsaya kusa da kai."

Yawancin mutanen rumfar ba su ma lura ba. Na kama hannunsa muka fita bayan ginin, muka zauna a inuwar wata tankar ruwa. Rigata ta jiƙe sharkaf. Na so in yi masa faɗa, amma na fasa.

Shi ya fara magana. "Yaya, ka yi haƙuri. A can ba ka taɓa sanin daga ina ƙarar bindiga take fitowa ba. Kana layin burodi, ka ji ta, kowa ya kwanta. In an tashi sai a ga wanda bai tashi ba." Ya murza abin toshe kunnen. "Rannan wanda bai tashi ba maƙwabcinmu ne, gabana yake a layin. Na ce bari in zo in ji ta a inda nake ganin mai harbawa, ko za ta sake ni."

"Ta sake ka?"

"Ban sani ba."

Bai koma ciki ba, ni ma haka. Muka zauna muna jin harbin ta bayan bango, duk harbin da ya tashi sai ya runtse ido, amma bai ce mu matsa ba. Da aka kira la'asar muka yi alwala a famfon tankar, muka yi salla mu biyu a kan kwali. Ɗan kafilina ya leƙo ya tambaya ko lafiya, na ce zafi ne ya bugi baƙona. Ya aiko mana da ruwan sanyi.

Mun isa gida gab da magariba. Ya wuce ɗakinsa, matata ta tsare ni a kicin, na gaya mata duk abin da ya faru, har da maganar layin burodi, wadda ita ma ba ta taɓa ji ba. Ta kashe murhu, ta goge hannu, ta shiga wurinsa ta rufe ƙofa. Na ji sun fara magana da Larabcin Sudan, irin wanda suke yi tun suna yara, muryarsa ce ta fi yawa. Na ce wa yara su sa takalma, na fita da su Balad, tsohon cikin gari, muka yi ta zagaya kasuwa, kafaɗata na zogi, ina saya musu duk abin da suka nuna don kada su ce mu koma da wuri.