Katakon da Yaya Garba Ya Yi wa Ban Ruwa

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Garba, kuma har yau ina tambayar kaina ko mun kyauta da muka binne shi a nan Maryland.

Mu mutanen Yawuri ne. A gidanmu idan kwalekwale ya tsufa ba a faskara shi a yi girki. Jingine shi ake yi a bayan ɗaki, ranar da wani ya rasu a tsaga katakon a rufe kabarinsa. Kwalekwalen mahaifinmu yana can, kuma Yaya ya sha cewa rabonsa na ciki.

A nan Yaya lebura ne a wani kamfanin gini. Suna haƙa harsashi a bakin kogi a Alexandria sai suka tarar da gindin jirgin ruwa. Masu binciken kayan tarihi suka ce mutanen da ne suka nutsar da tsofaffin jirage, suka cika su da ƙasa don su ƙara faɗin gaɓa. Aka sa Yaya fesa wa katakon ruwa, domin in ya bushe tsattsagewa zai yi. Da ya kai ni na gani, na ce ni fa ina tsoron unguwar da aka ɗora a kan tsohon itace.

Ya ce, "Isuhu, kai ko a kan dutse aka zaunar da kai sai ka leƙa ƙarƙashi. Tun ba a haifi kakanmu ba yake riƙe da titin nan."

Da ciwo ya kwantar da shi na kawo maganar mayar da shi gida. Ya ce in bari, 'ya'yansa a garin Clinton na Maryland suke, nan za su riƙa ziyartarsa. Na ce to katakon Baba fa? Ya ce, "Wa ya san inda aka saro itacen jirgin nan da muka tono? Inda ya tsaya, nan ya yi amfani."

A cikin ramin siminti aka sa shi, bisa dokar maƙabartar. Na dami liman da tambaya, har ya koma tarbata da "Ya halatta, Malam Isuhu" tun ban buɗe baki ba.

Yanzu an yi gidaje a wurin da aka tono jirgin. Katakon kuwa na ji an nutsar da shi a wani tafki don kada ya lalace. Da Yaya na raye da ya yi dariya, ya ce an sallame shi an ɗauki tafki aiki.

Juma'ar da ta wuce 'yarsa Hauwa ta kai ni kabarin, riƙe da jaririnta Garba. Da Turanci take amsa mini magana, amma addu'ar da babanta ya koya mata ta karanto ta tsaf. Da na dawo na kira ƙanenmu a Yawuri, na ce a daina ajiye rabon Yaya na katakon Baba, duk wanda ya riga rasuwa a rufe shi da shi. Nawa kam na ce a ɗan dakata tukuna.