Mai Gudun Banza na Sa'alaba

Duk ƙarshen shekara nakan zauna in rubuta wa masu karanta shafina abin da gudu ya yi mini da abin da na yi masa. Bana na buɗe kwamfuta na rufe ya fi a ƙirga, ban wuce sallama ba. Ba wai babu labari ba ne. Bana na gama gudun fanfalaki na farko a rayuwata, ga lambar yabon can rataye kusa da firji, matata har ta fara saƙala mata makullai.

Ni fa ba ɗan wasa ba ne. Aikin kwantiragi ya kawo ni Jidda, ɗakin gwajin jini na wani asibiti, kuma likitan wurin ne ya dubi tumbina, ya dubi sukarina, ya ce ko in motsa ko in fara allura. Bakin teku, inda masu gudu ke taruwa, ya yi mini nisa daga unguwarmu Madain Fahd, sai na riƙa fita bayan sallar asuba in ratsa ta Sa'alaba, wata unguwar Hausawa, in dawo. Shafin kuwa na buɗe shi ne don kunya ta hana ni dainawa, tunda wanda ya yi shela ba ya komawa barci.

Ranar farko da na shiga Sa'alaba da gudu na ga ikon Allah. Mata suna kwashe faranti, wani ya haura katanga, wata tsohuwa ta bar kasko a kan wuta ta faɗa lungu. Na waiga in ga abin da ya biyo mu, babu kowa sai ni. Da tsohuwar ta fito ta tarar ƙosanta ya ƙone, ta wanke ni tas. Wane irin ƙato ne, in ji ta, zai fito da sassafe yana gudu ba abin da ya koro shi? Sai da ta huce ta yi mini bayani. Da yawan mutanen unguwar ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, ita ma ba ta da ita. Tun ƙuruciya ta zo, a nan ta haihu, a nan ta binne miji. Idan masu duba takardu suka shigo unguwa, wanda ya fara hango su sai ya zura da gudu, duk wanda ya ji ƙarar sawu ya san inda zai nufa. Zamanta a Jidda gaba ɗaya a kunnenta yake.

Mai hankali da ya sauya hanya. Ni kuwa ina da taurin kai, ɗaya hanyar kuma cike take da manyan motoci masu zuwa Khumra, kuma a gaskiya, ni mai iƙama a aljihu da kafili, uban gidan da ya tsaya mini, a baya, ban ɗauki abin da nauyinsa ba. Na sayi riga rawaya mai kashe ido, na riƙa rafka sallama tun daga kwana don a san ni ne. Sannu a hankali aka saba. Iya, haka nake kiranta, ta raɗa mini Mai Gudun Banza. Da ta ji sawuna sai ta zuba mini kunun gyada ba sukari, ta ajiye a gefen kasko, in sha a tsaye tana yi mini tsiya, wai ta ga masu gudu don tsira, ta ga masu gudu don abinci, yau ga mai gudu don ya ƙoshi da yawa. Daga baya ko sallamar na daina, ba wanda yake ɗaga kai. Na ji daɗi ƙwarai, na ce na zama ɗan unguwa.

Har rubutu na yi a kanta. Ban sa fuskarta ba, hannunta kawai da kaskon, amma na ambaci Sa'alaba. Duk surutuna a kan takalmi da numfashi da ciwon gwiwa ba wanda ya kula, wannan ɗin ne ya zagaya. Daga Kano, daga Damagaram, kowa sai ya ce a gaida Iya.

Da zan tafi gasar fanfalakin, a wani gari, ta ce duk abin da aka ba ni in kawo ta gani ko ana ci. Na je, na gama da ƙyar, ƙafafuna suka yi yajin aiki na makonni. Da na warke na sa lambar a aljihu na nufi wurinta. Ba kasko, ba benci, sai baƙin hayaƙi a jikin bango. Telan da ke kusa ya ce an yi kame ina can, an tafi da ita, an ma riga an mayar da ita Najeriya, ƙasar da rabonta da ita tun kafin a haife ni.

Kaina ya kulle. Abin da ya fara faɗo mini shi ne shafin. Na sauke rubutun, na mayar, na sake saukewa. Matata ta ce ƙaddara ce, kame ai kullum ana yi, wa zai zauna karanta Hausata a kan tumbi? Wani abokin aikina ya ce a'a, intanet ba ta da ƙofa. Na rasa na wa zan ɗauka, sai na sa telan ya nuna mini gidan 'yarta, na je in ba da haƙuri.

'Yar haihuwar Jidda ce, Hausarta rabi Larabci. Ta tsaya a bakin ƙofa ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ita ba ta ma san da wani shafi ba, kuma ba wurin uwarta aka zo musamman ba, unguwar duka aka shiga. Na ji kamar an sauke mini buhu. Da na yi shiru a nan da na tafi gida da sauƙi, amma bakina bai iya ba. Na tambaya ko ranar ba wanda ya yi gudu ya sanar.

"An yi gudu, ya akhi, kowa ya watse," ta ce. "Ita ma ta ji sawun. Cewa ta yi ai ɗan nan ne ya dawo daga gasarsa. Halas, shi ke nan, kunu take zuba maka suka iso."

Na juya na kama hanya. Lambar dai ba ta fito daga aljihu ba.

Yanzu mota nake ɗauka har bakin teku in yi gudu a inda ba wanda yake sauraron ƙafar kowa. Sukarina ya sauka, likita yana ta yabona, ni kuma ban san ko in yi murna ba. Jiya ma wani ya rubuto a shafin, ya ce muna jiran bayanin ƙarshen shekara, kuma a gaida Iya.